Dokar girman mutum-mutumi a gasar ɗalibai: ina hannu zai tsaya?



Bara na raka yara huɗu na unguwarmu zuwa wata gasar mutum-mutumi ta 'yan makaranta, abin da yaran ke kira robot. Wata uku suka yi suna haɗa shi. Kuɗin mota da na abinci iyaye mata ne suka tara, masu koko da masu wake da shinkafa, kowa da abin da ta iya. Da muka isa teburin tantancewa sai mai awo ya ɗauko akwati ya kifa a kan aikin yaran. Akwatin ya ƙi sauka ƙasa. Bakin hannun ne ya tokare gefe ɗaya, wata waya kuma ta leƙo ta baya. Aka ba mu ɗan lokaci mu gyara. Wayar ba ta ba mu wahala ba, amma hannun sai da muka rage masa tsawo, alhali duk umarnin da yaran suka rubuta a kwamfuta sun gina shi ne a kan tsohon tsawon. Da aka fara wasa, hannun ya riƙa sauka kusa da kayan da zai ɗauka, bai taɓa su ba ko sau ɗaya.

Laifin nawa ne, ba na yaran ba, ba kuma na mai awo ba. Doka ta ce milimita 250. Ni kuma na ari tef ɗin tela, na ce ai inci 10 ke nan. Inci 10 milimita 254 ne. Milimita huɗun nan su suka cinye mana aikin wata uku.

Yanzu da na ga ana ta kafa sababbin ƙungiyoyin yara a zangonninmu, daga Nima da Madina har Aboabo da Tamale, na ga ya dace in rubuta abin da na koya bayan wannan kunya. Na zauna na karanta littattafan dokoki na gasanni daban-daban, kuma abin da na gane shi ne lambar da aka rubuta ita ce mafi sauƙi a cikin dokar. Wahalar tana wajen gane yaushe ake awon, daga ina ake fara shi, da kuma mene ne ake aunawa.

Me ya sa ake iyakance hannu tun farko?

Wani dattijo ya tambaye ni: in yaro ya iya ƙera dogon hannu, ba basira ba ce? Me ya sa za a hana shi? Amsar tana cikin filin wasan. A gasar VEX da ta FIRST Tech Challenge filin ƙafa 12 ne a tsawo, 12 a faɗi, mutum-mutumi huɗu kuma ke yawo a ciki lokaci ɗaya. In aka bar kowa ya miƙa hannu yadda ya ga dama, wani zai kafe a tsakiya ya riƙa kwashe komai ba tare da ya motsa ba, wani ya shimfiɗa nasa ya tare hanya, hannaye su sarƙe, ƙarfe ya fita waje ya sami yaron da ke tsaye a bakin fili. Duk wanda ya taɓa ganin yadda teburin mai kaya ke ci gaba da shiga titi a kasuwa har mota ta rasa hanya, ya san dalilin dokar.

Kuma ba a wasan yara kaɗai ake wannan ba. Injiniya ɗan Ghana da ke aiki a hukumar NASA ta Amurka, Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, yana cikin jagororin aikin hannun na'urar InSight wadda ta sauka a duniyar Mars a watan Nuwamban 2018. Hannun ya kai kusan mita 1.8, amma a naɗe a ɗaure ya yi duk tafiyar, sai bayan sauka ya buɗe ya ɗauki na'urar auna girgizar ƙasa ya ajiye a ƙasa. Shi ne ya kafa gidauniyar Ghana Robotics Academy Foundation a 2011, wadda ta yaɗa wannan ilimi a makarantunmu. A 2019 kuma 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe suka ciwo kofin duniya na Robofest a jihar Mishigan. To naɗe babban hannu a ƙaramin wuri ba cikas ba ne da aka sa wa yara don a wahalar da su. Shi ne aikin kansa.

Akwatin farawa

Kusan kowace gasa tana da girman da mutum-mutumi ba zai wuce ba kafin a fara wasa. A rukunin RoboMission na gasar World Robot Olympiad, wadda ake taƙaitawa WRO, girman milimita 250 ne ta tsawo, ta faɗi da ta sama, kuma wayoyi suna cikin lissafi. Da zarar ya fara tafiya, ba iyaka. A VEX ta manyan ɗalibai da FIRST Tech Challenge akwatin inci 18 ne ta kowane ɓangare.

Inci 18 milimita 457.2 ne. Wanda ya ce bari ya cike shi zuwa santimita 46 ya riga ya wuce da kusan milimita 3. Masu aiki da LEGO suna da hanya mai sauƙi: tazarar rami zuwa rami milimita 8 ce, don haka tsawon rami 31 ya ba da kimanin milimita 248, rami 32 kuma 256. Ko ba tef a hannu, yaro zai iya ƙirga ramuka ya san ko ya tsallake.

Abu na biyu da mutane ke mantawa: dole mutum-mutumin ya riƙe kansa da kansa a cikin wannan girma. Ba a yarda yaro ya danne hannun da yatsa ba, ba a kuma yarda bangon akwatin awo ne ke tare shi ba. In an ɗaga akwatin hannun ya zabura waje, bai ci jarrabawa ba. Ana iya riƙe shi da ƙugiya, da roba, ko a FIRST Tech Challenge a kunna shi moto ya ja hannun ya riƙe a naɗe. A VEX kuwa duk abin da aka yi ɗaurin da shi sai ya kasance manne da jikin mutum-mutumin har ƙarshen wasa, ba a yarda ya faɗi a fili ba.

Akwai wata dabara halattacciya da ya kamata yaranmu su sani. Akwati mai inci 18, in ka auna ƙasansa daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, za ka sami inci 25 da kusan rabi. Daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya ɓangaren kuwa ya ɗan haura inci 31. Wato sandar hannu mai inci 24 za ta iya shiga akwatin inci 18 in aka kwantar da ita a karkace. Duk ɗan dakon da ya taɓa shigar da dogon katako cikin ƙaramin ɗaki ya san wannan ba tare da an koya masa lissafi ba.

Bayan an busa usur

Nan ne rikicin yake, don dokar ba ta zama wuri ɗaya. Gasa ɗaya ma tana sauya ta kowace shekara, saboda kowace shekara sabon wasa ake fitowa da shi.

Ɗauki VEX. A kakar 2022 zuwa 2023, a wasan da suka kira Spin Up, an hana mutum-mutumi faɗaɗa ta gefe fiye da inci 18 ɗinsa har sai daƙiƙa 10 na ƙarshe. A cikin waɗannan daƙiƙoƙi an ɗage iyakar, kowane falon ƙasa da ka rufe maki 3 ne, shi ya sa ƙungiyoyi suka riƙa harba dogayen igiyoyi a faɗin fili. Amma igiyar da ta kuɓuce kafin lokacin, laifi ce. Shekarar da ta biyo, a wasan Over Under, aka yarda a buɗe tun daga farko, muddin ba a wuce inci 36 ba. A kakar 2024 zuwa 2025, wasan High Stakes, sai aka matse: inci 24 a kan 18, kuma ta gefe ɗaya kaɗai za a miƙa. Shekara uku, doka uku. A babbar gasar FIRST Robotics Competition ma haka ne: a 2023 an yarda hannu ya fita inci 48 daga gangar jiki, a 2024 inci 12 kawai.

Na kawo wannan ne saboda yadda yaranmu ke koyo. Yawancinsu a YouTube suke ganin mutum-mutumin da ya yi nasara a Amurka ko Sin, su kwaikwayi hannunsa. Ba aibi a koyi da gwani. Amma bidiyon ba ya gaya maka dokar shekarar da aka ɗauke shi. Hannun da ya ci kofi shekaru biyu da suka wuce zai iya zama haramtacce bana. 'Yan'uwanmu da ke Bronx da sauran biranen Amurka, waɗanda 'ya'yansu ke shiga waɗannan gasanni a makaranta, su ma su kula da wannan in suna turo mana hotuna da shawara.

Sai maganar inda ake fara awo. A FIRST Robotics Competition ana zagaye gangar jikin da zare a ja shi ya miƙe, layin da zaren ya bi shi ne iyaka, daga nan ake auna fitar hannu. A VEX kuwa duka abin ake aunawa, jiki da hannu haɗe. Bambancin ba ƙarami ba ne. In doka ta jiki da hannu ce haɗe, ƙungiyar da ta ƙera ƙaramin jiki ta sami ƙarin tsawon hannu. In daga gefen jiki ake farawa, ƙanƙantar jiki ba ta ƙara maka ko inci ɗaya.

Dokar da ta fi rikita mutane

Misalin da na fi so in tsaya a kansa shi ne na FIRST Tech Challenge a kakar 2024 zuwa 2025, wasan Into the Deep. Dokar ta ce bayan farawa, mutum-mutumi zai kasance cikin fili mai kusurwa huɗu, inci 20 a kan 42, a auna shi kwance daidai da ƙasa. Ta sama ba iyaka. Filin yana tafiya tare da gangar jikin, yana juyawa tare da ita.

In ka karanta da sauri za ka ce: to, kada tsawona ya wuce 42 a kowane lokaci, shi ke nan. Ba haka ba ne. Abin da ake aunawa shi ne duk inda hannuwan za su iya kaiwa, a haɗe gaba ɗaya, ko da ba lokaci ɗaya suke kaiwa can ba.

Ga lissafi. Jiki mai tsawon inci 18. An kafa kafaɗar hannu inci 4 daga baya, wato inci 14 daga gaba. Hannun irin mai zugewa ne kamar eriyar rediyo, in ya buɗe duka inci 26. In ya miƙa gaba, daga bayan jiki zuwa bakin hannu 4 da 26, wato 30. Lafiya lau. In ya kifa ta sama ya miƙa baya, daga gaban jiki zuwa bakin hannu 14 da 26, wato 40. Shi ma bai kai 42 ba. Duk hoton da ka ɗauka na wannan mutum-mutumi, za ka gan shi cikin doka. Amma iyakar gaba da iyakar baya in aka haɗa, 26 da 26 ne, inci 52. Ya wuce da inci 10, ba zai tsallake tantancewa ba.

Kamar akuya ce a turke. Ba a tambayar inda take tsaye yanzu, ana tambayar ina da ina igiyarta za ta bari ta kai.

Faɗin ma akwai tarko. Jiki mai faɗin inci 18 saura inci 2 kaɗai gare shi kafin ya kai 20. Yatsun hannu da ke juyawa gefe, ko waya da ke yin ciki waje in hannu ya naɗe, sun isa su cinye su.

Kuma tun da a kwance ake awo, ba tsawon sandar ake dubawa ba, inuwarta ake dubawa, kamar da rana tsaka. Hannu mai inci 26 da ya miƙe tsaye cak kusan ba shi da inuwa. In ya karkata digiri 60 daga ƙasa, inuwarsa inci 13 ce. A digiri 45 ta haura 18. In ya kwanta daidai, 26 cif. Don haka wurin da ya fi haɗari ba inda hannun ya fara ba ne, ba kuma inda ya tsaya ba, tsakiyar hanya ne, lokacin da yake wucewa a kwance. Yara sukan auna hannu a sama, su auna shi a ƙasa ya taɓa fili, su manta da tsakiya.

Ƙarfe ko manhaja?

Hanya biyu ake tsayar da hannu. Ko a sa masa abin tokare na zahiri, ƙarfe ko ƙusa ko igiya, wanda ba zai bari ya wuce ba. Ko a rubuta a manhaja cewa moto ya tsaya in ya yi juyi kaza. A wasan Into the Deep an yarda da duka biyun. Da manhaja za a iya gyara mutum-mutumin misalinmu: a bar hannu ya buɗe duka 26 ta gaba, ta baya kuma a hana inuwarsa wuce 16, jimla 42. Ni dai zan ce a tsaya a 15.

Ra'ayina ga ƙungiyoyinmu masu tasowa: ku fara da ƙarfe. Manhaja tana ƙirga juyin moto ne daga inda hannun yake lokacin da aka kunna. In batir ya tsinke a tsakiyar wasa, ko yaro ya kunna alhali hannun bai koma mazauninsa ba, sifilin ya gusa, iyakar ma ta gusa tare da shi, kuma ba wanda zai lura sai alƙali. Ga kuma sassaucin gaɓoɓi. Hannun da aka auna sabo ba shi ne hannun da ya yi wasa goma ba: noti ya saki, sanda ta ɗan lanƙwashe, in mutum-mutumin ya taka burki nauyi ya tura hannun gaba fiye da inda aka ce ya tsaya. Iyayenmu makanikai na Magazin a Kumasi sun fi ni sanin yadda ƙarfe ke sakin jiki bayan aiki. Shi ya sa ba a gini a kan layi. In doka ta ce 18, a nufi 17 da rabi. In ta ce 250, a nufi 245.

Yadda ake karanta littafin

Littattafan da Turanci suke, Turancin kuma na lauyoyi ne. Abin da ya taimake ni wani abu ne da muka koya tun a makarantar Islamiyya: kalma tana da ma'anar lugga, tana da ma'anar isɗilahi. A littattafan FIRST duk kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe tana da ma'ana ta musamman da aka fayyace a ƙamus ɗin littafin. VEX ma tana da nata jerin ma'anoni. Kada ka fassara kalma da abin da ka sani a titi. Je ka duba me suke nufi da gangar jiki, me suke nufi da yanayin farawa, me suke nufi da mutum-mutumin kansa. A nan za ka gane ko waya, ko tuta, ko abin ado yana cikin awo.

Littafin kuma ba ya tsayawa yadda ya fito. Ana sabunta shi a tsakiyar kaka, sabon kuma shi ke aiki. Kwafin da aka buga a shagon kwamfuta wata huɗu da suka wuce aka manna a bango zai iya zama tsohon zance. VEX da FIRST duka suna da hanyar da ƙungiya mai rajista za ta aika tambaya ga masu tsara wasan su amsa a hukumance. Wannan amsa ita ce abin riƙewa. Maganar wani a rukunin WhatsApp cewa bara an bar su, ba hujja ba ce. Gasannin cikin gida kuma wani lokaci suna ƙara nasu sharuɗɗa a kan na duniya, don haka a tambayi masu shirya gasar a rubuce, a ajiye amsar a waya.

In za a yi tambaya, a yi ta da lambobi. Kada a ce: hannunmu ya halatta? A ce: jikinmu inci kaza ne, hannu yana kaiwa kaza ta gaba, kaza ta baya, ba lokaci ɗaya ba, doka mai lamba kaza ta shafe mu?

Ga iyaye da masu rakiya

Wannan ɓangaren da ladabi nake faɗinsa, don ni ma ran nan sai da na ɗaga murya a gaban teburin awo, abin da har yau nake jin nauyinsa. A VEX da FIRST, ɗalibi ne ke zuwa wurin babban alƙali ya yi ƙorafi, ba malami ba, ba uba ba. Alƙalai ba sa kallon bidiyon da aka ɗauka da waya, hukuncin babban alƙali kuma shi ne na ƙarshe a wurin. Yaron da ya san lambar dokar, ya iya cewa ga abin da ta ce ga kuma awonmu, ya fi babba goma masu faɗa amfani. A gida ake koya masa wannan, ta hanyar barinsa ya karanta dokar da kansa ya fassara wa 'yan'uwansa da Hausa. In ya kasa fassarawa, bai gane ba tukuna.

Kuma tsallake tantancewa da safe ba lasisin yini ba ne. In an sauya hannu ko an ƙara wani abu bayan awo, ana iya sake aunawa, ya kamata ma ƙungiyar ce za ta kai kanta.

Bayan mun dawo bara, na je wurin wani kafinta a layinmu da takardar dokar. Ya yi mana akwatin katako mara ƙasa, cikinsa milimita 250 daidai, ya auna da rula ta ƙarfe, ba tef ɗin tela da ke miƙewa in ya tsufa ba. Bai karɓi ko sisi ba. Yanzu kowace Asabar kafin yara su tashi sai an kifa akwatin, sannan a ɗora mutum-mutumin a kan farar takarda, a motsa hannun a hankali daga farko har ƙarshe, wani yaro yana bin inuwar bakinsa da fensir. Kafintocinmu da masu walda da ke da guntayen katako ko ƙarfe, ƙungiyoyi da dama ba su da irin wannan akwati. Awon ciki ake bukata, ba na waje ba, a kuma tambayi yaran gasar da za su shiga kafin a yanka.